Sautin Oberheim na waƙar Jump a kan wani fiyano: wace hanya ce ta dace da aljihunka da wurin aikinka?

Sautin da ya buɗe waƙar "Jump" ta ƙungiyar Van Halen, wadda aka saki a ƙarshen 1983, ya fito ne daga sintesaiza samfurin Oberheim OB-Xa, kuma Eddie Van Halen, wanda duniya ta fi sani da kaɗa jita, shi ya kaɗa ta da hannunsa. Har yau makaɗan fiyano na neman wannan sauti mai kauri da haske, wasu don su kaɗa waƙar kanta, wasu don su sa irinsa a cikin nasu kiɗan. Ita kuwa OB-Xa tun 1983 aka maye gurbinta da OB-8, waɗanda suka rage kuma sun tsufa, sun yi tsada. Mai son sautin yana da hanyoyi biyar: ya gyara wani sauti a fiyanon da yake da shi, ya nemi na'urar dijital mai kwaikwayon analog (mai samar da sauti daga wutar lantarki kai tsaye, ba da lissafi ba), ya yi amfani da manhaja a kwamfuta, ya sayi sabuwar na'urar analog, ko ya nemo tsohuwar kanta. Kafin a auna su, sai an san abin da ake kwaikwaya, domin yawancin masu kashe kuɗi a banza a nan suke kuskurewa.

Abin da ke cikin sautin

Kowace murya ta OB-Xa, wato sashen da ke fitar da nota ɗaya, tana da osileta biyu masu samar da ɗanyen sauti, da filta mai rage masa kaifi, da tsarin ADSR guda biyu (Attack saurin tashi, Decay saukowa, Sustain matsayin da ake riƙewa, Release wutsiya bayan an saki madanni), ɗaya na buɗe filta da rufe ta, ɗaya na tashi da faɗuwar ƙarfin sauti. Haɗin da ke ba da sautin "Jump" ba shi da wani sirri. Ga ma'aunin da za ka fara da shi a kowace na'ura, sannan kunnenka ya ƙarasa sauran.

Sa osileta biyun a kan siffar haƙorin zarto, wadda ake rubutawa Saw, a oktab ɗaya, da ƙarfi daidai. Karkatar da ta biyun daga ta farko da senti 6 zuwa 10 (senti ɗari ne ke tsakanin madanni da na kusa da shi). Filta ta zama mai barin ƙananan sauti su wuce, mai gangaren 12 dB, a buɗe ta sosai amma kada ta kai ƙarshe. Resonance, mai ƙara tsini a iyakar filta, a sifili ko ɗan kaɗan ƙwarai. A ADSR na ƙarfin sauti, Attack daga 0 zuwa milisakan 5, Sustain a cike, Release tsakanin milisakan 150 da 250. A ADSR na filta, ba ta tasiri kaɗan, Attack kamar milisakan 10 zuwa 30, Decay 300 zuwa 500, Sustain kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Wannan ɗan jinkirin buɗewar filta shi ke sa sautin ya yi kama da busar kakaki, amma idan ya haura milisakan 50 sai bugun ya yi laushi, waƙar ta rasa cizonta.

Karkatarwar nan tana da lissafi. A kan notar A mai 440 Hz, bambancin senti 7 yana sa osileta biyun su riƙa haɗuwa suna rabuwa kusan sau biyu a sakan, abin da kunne ke ji a matsayin kauri. A kan C ta ƙasa mai 65 Hz, wannan bambancin yana zagayowa sau ɗaya a kusan sakan huɗu, wato bes ɗin zai riƙa cika yana ramewa a hankali. Shi ya sa wanda ya kai karkatarwa senti 20 yake jin dama ta yi tsami, wanda ya bar ta a 2 kuma yake jin hagu tana ɓacewa tana dawowa.

Gangaren filta ma ba ƙaramin abu ba ne. Mai 12 dB tana rage sautin da ke oktab ɗaya sama da iyakarta zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, mai 24 dB kuwa zuwa ɗaya cikin goma sha shida. OB-Xa tana da duka biyun, amma hasken da aka san Oberheim da shi daga ta 12 yake fitowa. Idan na'urarka ta 24 kaɗai gare ta, ƙara buɗe Cutoff, wato iyakar filta, ka sauke Resonance gaba ɗaya. Za ka matso kusa, ko da yake saman sautin zai fi tsabta fiye da yadda ake so.

Saura abubuwa uku da ba a cika lura da su ba. Na farko, madannan OB-Xa ba sa jin ƙarfin bugu: ko ka danna a hankali ko da ƙarfi, sauti ɗaya ne. Yawancin fiyanon zamani suna jin bugu, don haka sai an kashe wannan, in ba haka ba kod (notocin da ake dannawa tare) ɗaya zai fito da haske, na gaba ya dushe. Na biyu, muryoyinta kowacce da nata allon lantarki, babu biyu da suka yi daidai tsaf a daidaiton sauti ko buɗewar filta, kuma ana iya karkatar da kowacce hagu ko dama. Na uku, yadda yatsu ke zama. Hannun dama nota uku yake riƙewa: D-G-B, sai E-G-C, sai C-F-A, hannun hagu yana zaune a kan C ta ƙasa kafin ya taka F da G. Gudun waƙar kusan bugu 130 ne a minti. Wanda ya kaɗa waɗannan kod a asalin zamansu, G-B-D da C-E-G, zai ga sautin ya ƙi zama ko da OB-Xa ce a gabansa.

Ma'aunan da za a bi

Yawan muryoyi shi ne na farko, kuma shi ke yanke hukunci tun kafin a kai ga zancen inganci. Nota uku a dama da ɗaya a hagu huɗu ke nan. Idan hagu ta riƙe oktab, biyar. Wutsiyar kod ɗin da ka saki kuma tana riƙe da muryoyinta har Release ya ƙare, don haka shida ne mafi ƙarancin da za a sake da shi, takwas kuma shi ne kwanciyar hankali. Na biyu, ko na'urar tana ba ka osileta biyu da za ka raba da kanka, da filta mai 12 dB, da hanyar sa muryoyi su ɗan saɓa wa juna. Na uku, tsawon madannai: daga C ta ƙasa zuwa C ta saman kod ɗin oktab uku ne cif, madanni 37, ba tare da rarar ko ɗaya ba. Sai kuɗi, sai juriya da samun mai gyara, sai haɗarin da ke tattare da na'urar idan an fita da ita dandamali. Farashin da za a ambata na Amurka ne a lokacin fitowar kayan. A ƙara kuɗin dako da na kwastan.

Hanya ta farko: fiyanon da ke hannunka

Yawancin situdiyo da masu kiɗan biki a Kano, Kaduna da Jos Yamaha PSR ko makamancinsa suke amfani da shi. Irin wannan fiyano ba ya ƙera sauti daga tushe, naɗaɗɗen sauti yake kunnawa, kuma wannan ne ƙarfinsa da rauninsa.

Fara da duba rukunin Brass da Synth. Wasu na'urorin Yamaha da Roland suna da sauti mai suna Jump Brass ko wani suna mai nuni da shekarun 1980. Idan babu, duk fiyanon da ke bin tsarin General MIDI yana da Synth Brass 1 a lamba 63, Synth Brass 2 a 64, haƙorin zarto a 82, da Polysynth a 91. A ganina lamba 82 ta fi 63 zama tushe mai kyau, domin Synth Brass yawanci an riga an gasa masa buɗewar filta mai yawa a cikin naɗin, kuma ba ta cirewa.

A manyan PSR, jerin S da SX, ɗora haƙorin zarto a Right 1, ka sake ɗora shi a Right 2. Shiga shafin Tune na fiyanon, ka ɗaga ɗaya da senti 4, ka sauke ɗayan da senti 4. Kada ka ɗaga ɗaya da 8 ka bar ɗayan a sifili, domin tsakiyar sautin zai hau sama da sauran kayan kiɗa. Karkatar da Right 1 hagu kaɗan, Right 2 dama kaɗan. A shafin filta, Brightness shi ne Cutoff, Harmonic Content shi ne Resonance: ɗaga na farko, sauke na biyu. Tabbatar sautin yana kan Poly, domin sautukan Lead da yawa suna zuwa a Mono da zamewar nota a kunne, kuma da haka kod ba zai fito ba. Kashe Touch Response, sannan ka adana komai a Registration Memory. A ƙananan PSR-E, inda ba a samun wannan daidaitawa ta senti ga sauti na biyu, Chorus, mai ninka sauti ya yi kauri, shi ne zai maye gurbinta. Sa shi tsaka-tsaki. Samfuran da ke da maɓallan murɗawa biyu, irin su E463 da E473, suna ba ka Cutoff da Resonance kai tsaye. Mai turo nota daga kwamfuta yana iya taɓa waɗannan ta saƙon MIDI, hanyar da kayan kiɗa da kwamfuta ke magana da juna: lamba 74 haske, 71 Resonance, 73 Attack, 72 Release, 93 Chorus.

Abin da ke lalacewa a wannan hanya guda uku ne. Idan ka ɗora sauti ɗaya sau biyu ba ka raba su ba, ƙarfi kawai zai ƙaru, ko kuma ka ji wani siririn shuuu kamar iska a bututu, saboda naɗin biyu suna farawa tare suna cin juna. Sannan naɗaɗɗen sauti kullum daga wuri ɗaya yake farawa, don haka kod takwas a jere za su fito iri ɗaya sak, alhali a na'urar analog osileta ba sa tsayawa, kowane bugu yana kama su a wani wuri daban. Na uku, idan an naɗi sautin da karkatarwarsa a ciki, rawar tana sauri a sama tana ja a ƙasa, wani lokaci ma ka ji ta sauya farat ɗaya tsakanin madanni biyu maƙwabta, inda wani naɗin ya ƙare wani ya fara.

Muryoyi ba matsala ba ne: ƙananan suna da 48 ko 64, manyan 128, ko da yake sauti biyu a haɗe na cin ninki, kiɗan rakiya ma yana cin nasa. Kuɗi babu. Juriya kuwa, a cikin biyar ɗin nan babu mai jure ƙura da jijjigar mota kamar wannan, kuma shi ne wanda mai gyara na gari ya saba buɗewa. A cikin kiɗa mai ganga da jita da murya, da wuya mai sauraro ya kama bambancin. Inda yake tonuwa shi ne inda sintesaiza ke kaɗawa ita kaɗai, kamar farkon waƙar.

Hanya ta biyu: dijital mai kwaikwayon analog

A nan na'urar lissafa osileta da filta take yi nan take, don haka ma'aunin da ke sama yana shiga kai tsaye. Tarkon rukunin shi ne ƙananan masu arha. Korg microKORG, wadda ta fito a 2002, tana da osileta biyu da filta mai 12 dB, sautinta kuma yana zuwa kusa abin mamaki, amma muryoyinta huɗu ne, madannanta 37 ƙanana. Da ka ƙara oktab a hagu, sai ta sace murya daga kod ɗin dama. Idan ka sa ta a yanayin ɗora sauti biyu, muryoyin su koma biyu, zance ya ƙare. Novation MiniNova tana da har 18, Roland GAIA SH-01 tana da 64 da maɓallin zaɓar 12 ko 24 dB, amma dukansu madanni 37 ne. Yamaha Reface CS tana da takwas, sai dai ba ta adana sauti a cikinta. Duk waɗannan ana iya kaɗa su daga babban fiyano ta wayar MIDI, wanda ke kawar da matsalar madannai amma ba ta muryoyi ba.

Manyan fiyanon aiki irin su Yamaha MODX, Roland Juno-DS da Korg Krome suna tsakiya: naɗaɗɗen haƙorin zarto ne, amma gyaransu na da zurfi. Buɗe sabon sauti mai sassa biyu, kowanne da zarto guda mara ado, raba su +4 da -4, zaɓi LPF12, ka sauke tasirin ƙarfin bugu zuwa sifili a filta da ƙarfin sauti duka. Mutane kan kashe ɗaya su manta ɗayan. Sannan nemi Analog Feel a Roland, ko Random Pitch a Yamaha, ka ba shi kaɗan. Shi ke kwaikwayon saɓanin muryoyi.

Abu biyu a guje musu. Super Saw, wanda Roland JP-8000 ta shahara da shi, zarto bakwai ne a haɗe, sautin kiɗan rawa na shekarun 1990 yake bayarwa, ba na 1983 ba. Unison kuma yana tara muryoyi a kan nota ɗaya, ya cinye abin da kod ke buƙata. Wanda yake da Yamaha DX7 ko wata mai tsarin FM zalla ya haƙura da neman kamanni sosai: babu filta a cikinta, kakakinta na da kyau amma na wani gida ne.

Farashin ƙananan yana tsakanin dala ɗari uku da ɗari bakwai, manyan daga kusan ɗari bakwai zuwa sama. Ba sa kauce wa daidaito don zafi ko sanyi. Raunin ƙananan shi ne adaftar wuta ta waje da ramin da take shiga. Adaftar da ba tata ba, musamman mai juyayyen kai, tana iya ƙona allo.

Hanya ta uku: manhaja

Idan kamanni kawai ake nema a kan kowace naira, wannan ce kan gaba, kuma ba kusa ba. OB-Xd, wadda kamfanin discoDSP ke kula da ita, an gina ta ne a kan tsarin Oberheim, tana da maɓallin karkatar da kowace murya hagu ko dama da na sa su saɓa wa juna. Tsofaffin sigoginta kyauta ne, sabuwar ana saya. Arturia ta fitar da OB-Xa V a 2020 a kan dala 199, daga baya ta sauya mata suna zuwa OP-Xa V. Akwai Obsession ta Synapse Audio, da OB-X ta GForce wadda ke ɗauke da sunan Oberheim da izini. Na kyauta irin su Surge XT da Vital ma suna yin aikin, ko da yake sai ka gina sautin daga farko. Mai FL Studio yana da 3x Osc a hannu: zarto a osileta ta 1 da ta 2, a daidaita Coarse ɗinsu su zama oktab ɗaya domin ba haka suke zuwa ba, a rufe ta 3, a raba da Fine, filta da ADSR kuma suna cikin saitin tashar.

A manhajar da ke da sashen saɓanin muryoyi, ɗaga na daidaiton sauti da na filta kaɗan, ka baza muryoyi takwas ɗin hagu da dama a karkace, ta 1 hagu, ta 2 dama, haka har ƙarshe, amma kada ka kai su bango. Kowace nota a cikin kod za ta faɗo wani wuri daban, faɗin sautin ya samu ba tare da Chorus ba. Sai ɗan Reverb (amon ɗaki) gajere, sakan ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kashi 10 zuwa 15. Mai son amsa-kuwwa ya lissafa ta da gudun waƙar: a bugu 130 a minti, bugu ɗaya milisakan 462 ne, rabinsa 231.

A nan gizo ke saƙar: jinkiri tsakanin danna madanni da fitar sauti. A 44.1 kHz, bafa (gutsuren sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar) mai 128 tana ƙara kusan milisakan 3, mai 256 kusan 6, mai 512 kusan 12, mai 1024 kusan 23, kuma wannan ban da abin da katin sauti ke ƙarawa. Kiɗan da bugunsa ke faɗowa tsakanin bugun ganga, irin wannan, ba ya yafe jinkiri. Daga 512 zuwa sama yatsu za su fara jin nauyi. A Windows sai an sa direban ASIO, wanda ya fi kyau shi ne na katin sauti na waje. Idan ka rage bafa ka fara jin ƙas-ƙas, kwamfutar ce ta gaza: sa ta a caji, ɗaga tsarin wutarta zuwa mafi ƙarfi, kashe Wi-Fi, rage muryoyin manhajar zuwa takwas.

PSR ɗin da kake da shi zai iya zama madannai ta wayar USB, sai dai ka kashe Local Control ko ka sauke ƙararsa don kada sauti biyu su fito tare. A situdiyo wannan hanya ba ta da aibi. A dandamali kuwa kaya sun yi yawa: laftof, katin sauti, wayoyi, caja mai iya shigo da ƙugin janareto cikin lasifika. Akwatin DI mai maɓallin yanke ƙasa (Ground Lift) yana maganin ƙugin. Fasassun manhajoji kuma, ban da haƙƙin masu su, su ne suka fi rufewa a tsakiyar aiki.

Hanya ta huɗu: sabuwar analog

Behringer UB-Xa ta fito a ƙarshen 2023 a kan kusan dala 1,500, da muryoyi 16 da madanni 61, an kwafi tsarin OB-Xa har da zanen fuskarta, kuma tana da saitin Atrophy na kwaikwayon tsufar da'ira. Oberheim OB-X8 ta 2022, mai muryoyi takwas, ta haɗa filtocin OB-X da OB-Xa da OB-8 a jiki ɗaya, a kan dala 4,999. Dukansu biyun ba su da Reverb ko Chorus a ciki, sai an tanadi na waje. OB-6 ta 2016, aikin haɗin gwiwar masu ƙera sintesaiza Dave Smith da Tom Oberheim, muryoyi shida ce da madanni 49 a kan dala 2,999. TEO-5 ta 2024 muryoyi biyar ce da madanni 44 a kan dala 1,499. Waɗannan biyun filtarsu ta zuriyar SEM ce, wata tsohuwar sintesaizar Oberheim, ta fi ta OB-Xa iska da laushi, amma a buɗe kamar yadda wannan sauti ke so, bambancin ƙarami ne. Muryoyi biyar ɗin TEO-5 sun isa kod da oktab ba tare da rara ba, don haka sai an gajarta Release. Korg Minilogue ta farko, dala 499 a 2016, analog ce mai zaɓin filta biyu, amma muryoyinta huɗu ne.

Na'urar analog tana son a kunna ta minti 15 zuwa 20 kafin aiki, sannan a sa ta daidaita kanta. Idan an fito da ita daga mota mai zafi zuwa ɗaki mai sanyin AC, a sake daidaitawa. Ƙurar hunturu na shiga maɓallan murɗawa ta sa su ƙara ko tsallen lamba, don haka a rufe ta da mayafi kullum. Kada a haɗa ta da janareto ba tare da sitabilaiza da abin tare tsallen wuta ba. Babban haɗarin shi ne gyara: idan allon murya ya mutu, mai yiwuwa sai an yi odar wani daga waje.

Hanya ta biyar: OB-Xa ta asali

Ta fito da muryoyi huɗu, shida ko takwas, a kan sama da dala 4,000 a zamaninta, yanzu kuma mai lafiya dubban daloli ce. Ba ta zo da MIDI ba sai an ƙara mata. Batirin da ke riƙe sautukanta yana mutuwa, haɗe-haɗen wayoyin cikinta suna tsatsa, madannanta suna ƙagewa. An dawo da ƙera guntun CEM3340 na osiletarta a 2016, abin da ya sauƙaƙa gyara, amma sai ga wanda ya san aikin. Wadda ta zo daga Amurka tana iya kasancewa a saite a wutar 115, tamu kuwa 230 ce. Kayan ajiya ce da situdiyo, ba ta yawo ba.

| Hanya | Kamanni | Muryoyi | Kuɗi | Sauƙi | Juriya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Fiyanon hannu | Matsakaici | 48 zuwa 128 | Babu | Mai sauƙi | Sosai | Sauti mara motsi |
| Dijital mai kwaikwayo | Mai kyau | 4 zuwa sama da 100 | Dala 300 zuwa sama | Matsakaici | Sosai | Ƙarancin muryoyi a ƙananan |
| Manhaja | Sosai | Gwargwadon kwamfuta | Kyauta zuwa dala 200 | Matsakaici | Ta laftof ce | Jinkiri da tsayawa |
| Sabuwar analog | Sosai | 4 zuwa 16 | Dala 500 zuwa 5,000 | Mai sauƙi | Matsakaici | Wuta, ƙura, gyara |
| OB-Xa | Ita ce | 4, 6 ko 8 | Dubban daloli | Kaɗawa sauƙi, riƙo wuya | Rauni | Lalacewa |

Kowace hanya ka bi, lasifika ce ke da magana ta ƙarshe. Yawancin na'urorin sauti na wuraren taro layi ɗaya suke fitarwa, kuma Chorus mai faɗi yakan rame idan an haɗe hagu da dama. Gwada sautinka ta ramin L/MONO kaɗai tun a gida. A miksa, rage kaɗan tsakanin 250 da 400 Hz idan ya yi dumu-dumu, ƙara kaɗan tsakanin 2 da 4 kHz idan jita ta danne shi, kuma rage abin da ke sama da 10 kHz idan dijital ce mai tsini.

Wa ya dace da wace

Mai kiɗan biki ko coci da zai yi amfani da sautin a waƙa ɗaya ko biyu cikin dare ya tsaya a fiyanonsa, ya ba shi rabin awa na gyara, ya adana. Sayen wata na'ura don wannan asara ce. Mai haɗa kiɗa a situdiyo ya ɗauki manhaja, ya fara da ta kyauta, kuɗin da ya rage ya sa a katin sauti mai kyau. Wanda ke yawan fita dandamali kuma yana buƙatar fiyano da kakaki da sintesaiza a jiki ɗaya, babban fiyanon aiki mai madanni 61 ya fi masa laftof kwanciyar hankali. Mai son ya taɓa maɓalli da hannu, wanda sautin Oberheim ne ginshiƙin kiɗansa kuma yana da tsayayyar wuta, UB-Xa ce ta fi ba shi muryoyi a kan kuɗinsa. OB-X8 ta wanda kuɗin ba zai taɓa masa jari ba ce. OB-Xa ta asali sai mai tara kayan tarihi wanda ya riga ya san mai gyaransa. Wanda kuma ya riga ya mallaki mai muryoyi huɗu, microKORG ko Minilogue, kada ya yi saurin sayarwa: idan akwai mai jitar bes a ƙungiyar, ya bar masa C ta ƙasa, ya riƙe nota uku na dama, ya sauke Release zuwa milisakan 120.